Bindiga Ba Ta Tsallake Ƙofar Kotu

Ya ku 'yan uwa matasa, sanin kowa ne cewa tsarin mulkin Amurka ya ba ɗan ƙasa haƙƙin mallakar bindiga. To amma duk da haka, akwai ƙofar da ba a yarda bindiga ta tsallake ba, wato ƙofar kotu.

Dokar tarayyarsu ta kasa abin gida biyu. Duk wanda ya shiga ginin gwamnatin tarayya da makami yana sane, ana iya ɗaure shi har shekara ɗaya. In kuwa sashen kotu ya shiga, wato zauren shari'a, ofishin alƙali, ɗakin shaidu da hanyoyin da ke manne da su, to ɗaurin yana iya kaiwa shekara biyu. Hatta Kotun Ƙolinsu, a hukuncinta na 2022 da ya faɗaɗa 'yancin yawo da bindiga, sai da ta sanya kotuna cikin wuraren da ake iya hanawa.

Sun ɗanɗana ne. Ranar 7 ga Agusta, 1970, wani matashi ɗan shekara 17 ya shigar da bindigogi kotun gundumar Marin a jihar Kalifoniya, aka yi garkuwa da Alƙali Harold Haley. Mutum huɗu suka mutu, har da alƙalin da shi matashin.

'Yan uwa, ku lura. Mai ba da shaida in ya hango bindiga a ƙugun dangin wanda ake tuhuma, ina zai iya faɗin gaskiya? In shaida ta mutu kuwa, haƙƙin mai rauni ne ya salwanta.

Wassalam.