Doguwar Kalma Kamar Rake Ce



Kwanan baya wani ɗalibinmu ya kawo mini katin asibitin ɗansa. An rubuta masa wata kalmar Turanci mai haruffa 15: schistosomiasis. Ya ce da ya ga tsawonta sai gabansa ya faɗi, ya zaci ciwon ajali ne.

To, ku saurara. Doguwar kalma kamar rake ce, gaɓa-gaɓa ake shan ta. Wannan gaɓoɓinta shida ne: schis-to-so-mi-a-sis. A baki kuwa sai mu ce: shis-to-so-mai-ya-sis. Ku lura, "sch" ya koma "sh", "mi" ya koma "mai", kuma a kan "mai" ɗin ake ƙarfafa murya. Turanci ba kamar Hausa ba ne, ba kullum lafazi ke bin rubutu ba. Ku maimaita, kowace gaɓa tafi ɗaya.

Ma'anarta fa? Tsargiya ce, wato fitsarin jini. Tsutsarta daga katantanwar ruwa take fitowa, ta huda fatar yaro yana wanka a kududdufi. Ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a asibiti. A kai yaro da wuri.

Allah ya ba mu lafiya, amin.