Amsar Takardunku: Yadda Za A Kai Intanet Ɗakin Bayan Gida

A wannan mako takardu uku ne muka haɗa wuri ɗaya, domin duk abu guda suke tambaya, ko da yake kowa da irin tasa matsalar.

Ta farko ta fito ne daga wani malami mai sauraronmu a Zariya. Ya ce yana da rauta a falonsa, irin wadda ake sa wa layin waya, kuma tana aiki lafiya lau a cikin gida. To amma akwai wani ɗaki da ya gina a ƙarshen lambunsa, tazarar kamar mita 40 daga babban gida, inda 'yarsa take karatu, ita kuwa ɗaliba ce a jami'ar nan ta karatu daga gida, wato NOUN, wadda ake yin ayyukan gwaji da yawa nata ta intanet. Ya ce sau biyu ke nan sigina na yankewa tana tsakiyar aiki. Ya sayi wata 'yar na'ura da aka ce masa tana ƙara ƙarfin sigina, kuɗinsa sun tafi, amma ba ta canja zane ba. Shi ne yake tambaya, ina mafita?

To Malam, madalla da wannan tambaya. Bari mu fara da dalilin da ya sa siginar ba ta kai wa ɗakin. Shi waifai ɗin nan rediyo ne, kamar dai wannan da kake sauraronmu da shi, sai dai tasharsa ƙarama ce ƙwarai, an yi ta ne don ɗaki biyu ko uku. Duk bangon da siginar ta ratsa sai ta bar wani abu na ƙarfinta a ciki. Bangon bulo da siminti yana cin ta, wanda ke da rodi a ciki ya fi ci, katangar ƙasa mai kauri ita ma haka. Kwanon rufi da ƙofar ƙarfe kuwa mayar da ita baya suke yi. Sa'an nan ruwa yana shanye ta, saboda haka tankin ruwa da ganyen mangwaro ko darbejiya, musamman in an yi ruwan sama, duk suna rage mata ƙarfi. Ka ga ke nan kafin ta fita daga falo, ta ratsa ɗakin kwana, ta ƙetare lambu, ta shiga wancan ɗakin, ta riga ta galabaita.

Kafin ka sake kashe ko kwabo, ga abin da za ka fara gwadawa. Ɗauke rautar daga bayan talabijin ko cikin kabad, ka ɗora ta a sama kusa da tagar da ke kallon lambun. Yawancin rautocin yanzu suna watsa sigina iri biyu, ɗaya a kan gigahaz 2.4, ɗaya a kan gigahaz 5. Ta 5 ta fi sauri amma ba ta nisa, ta 2.4 ita ce mai juriyar bango da tafiya. Sai ka haɗa wayarka da ta 2.4, ka taka sannu a hankali zuwa ɗakin, kana duba inda sandunan sigina suka fara zubewa. In ta kai har cikin ɗakin kuma bidiyo na tafiya ba tsayawa, shi ke nan, ka huta.

Ita kuwa na'urar da ka saya, wadda 'yan kasuwa ke kira rifita, ba ta ƙirƙiro sigina, abin da ta ji shi take maimaitawa. In ka sa ta a cikin ɗakin bayan, inda siginar ta riga ta mutu, ba abin da za ta maimaita sai raunin. Wurinta shi ne tsakiyar hanya, inda har yanzu akwai ƙarfi. Kuma ko an sa ta daidai, irin mai arahar nan tana raba lokacinta ne tsakanin saurare da maimaitawa, don haka saurin yakan ragu da kusan rabi. Kada ka yar da ita dai, wasunsu suna da ramin waya a ƙasa, kuma za ta yi maka amfani a hanyar da zan faɗa maka yanzu.

Hanyar da ta fi kowace inganci a tazara irin taka ita ce a ja waya. Akwai kebul na intanet mai ƙananan wayoyi 8 a ciki, an murɗe su biyu-biyu, za ka ga an rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinsa. Ƙa'idarsa ita ce yana ɗaukar saƙo ba tare da raguwa ba har tsawon mita 100, wato ƙafa 328. Mita 40 ɗinka, ko da an haɗa da kwane-kwane da hawa bango ta zama 60, tana cikin iyaka. Bakin waya ɗaya zai shiga bayan rautar falo, a ramin da aka rubuta LAN, ɗaya bakin kuma ya shiga wata rauta ta biyu a ɗakin 'yarka, ita ce za ta watsa sabuwar sigina mai ƙarfi a can. Amma fa ka fara duba bayan rautarka. Ƙananan nan na aljihu masu batir galibi ba su da wannan rami, in irinsu ce da kai sai ka sauya.

Wajen sayen kebul ɗin a buɗe ido, domin araha ba ta ado. Akwai na jan ƙarfe zalla, akwai kuma wanda cikinsa alminiyam ne aka yi masa fenti da jan ƙarfe a sama, wani lokaci za a ga haruffan CCA a jikin kwalinsa, wani lokaci kuma ba a rubuta komai. Wannan na biyun yana karyewa da wuri, kuma ba ya ɗaukar wuta sosai. Gwajinsa ba wuya: ka ce mai shago ya fere maka ƙarshen waya ɗaya, ka kankare ta da reza. In ka ga fari ya fito a ƙarƙashin jan, to ka ajiye masa abinsa. Sa'an nan ka nemi wanda aka yi don waje, mai baƙar riga mai kauri, domin na cikin gida in rana ta buge shi shekara ɗaya ko biyu sai ya bushe ya tsattsage. Cikakken kwali mita 305 ne, ba ka bukatarsa duka, ana yankawa a sayar da mita. Ka auna hanyar da igiya tukuna, ka ƙara mita 5 a kai.

Yanzu sai shimfiɗawa. Kada a rataya waya daga kan kwano zuwa bishiya, daga bishiya zuwa ɗaki, kamar igiyar shanya. Iskar farkon damina za ta tsinke ta, kuma waya a sama ita ce ta fi jawo barnar tsawa. A haƙa 'yar kwata mai zurfin kamu ɗaya, wato kamar santimita 45, a sa bututun roba irin na masu aikin wuta, a zura kebul ɗin a ciki, a liƙe mahaɗan da gam don kada ruwa ya shiga. Bututun shi zai kare shi daga ɓera da gara da kuma fartanyar mai gyaran lambu. Kada a haɗa shi da wayar lantarki a bututu ɗaya, a bar tazarar ƙafa ɗaya tsakaninsu. A zura wata igiyar leda tare da shi a bar ta a ciki, ran da ake son sauya waya da ita za a jawo sabuwa ba sai an sake tono ba. Kuma don Allah a gwada a tabbatar intanet ta iso kafin a mayar da ƙasa.

Ita rauta ta biyu, ka gaya wa mai haɗawa ya saita ta a matsayin mai watsa sigina kawai, ya kashe mata aikin raba wa na'urori lamba, ya bar wa ta falo wannan aiki. In duka biyun suna rabawa sai su riƙa karo, yau a samu gobe a rasa. In aka ba su suna ɗaya da lambar sirri ɗaya, waya za ta riƙa kama wadda ta fi kusa da kanta.

Maganar wuta kuma, ga wata dabara. Akwai tsarin da ake kira PoE, wanda ke tura wutar da na'urar can take bukata ta cikin wannan kebul ɗin dai. In kana da inbata ko sola a babban gida, to ko an ɗauke wuta a ɗakin baya siginar ba za ta yanke ba, tunda daga falo ake ciyar da ita. Rauta ba ta cin wuta da yawa, abin da take ja bai wuce na ƙwan fitila guda na zamani ba. Sai dai dole na'urar ta zama mai karɓar irin wannan wuta, kebul ɗin kuma na jan ƙarfe na gaske.

Takarda ta biyu daga wata Hajiya ce a Kaduna. Ta ce an ba ta shawarar wata na'ura da ake sokawa a soket biyu, ɗaya a cikin gida ɗaya a boiskwata, intanet ta bi ta wayar lantarki, ba tono ba komai. To Hajiya, na'urar gaskiya ce, kuma a ƙasashen Turai mutane da yawa suna amfani da ita. Sharaɗinta shi ne soket ɗin biyu su kasance a kan mitar wuta ɗaya, kuma ta fi aiki in suna kan layi ɗaya. A gidajenmu kuwa sau da yawa layi uku ne ke shigowa, ana sauyawa daga wannan zuwa wancan in wuta ta yi ƙasa, ga janareta, ga inbata, wani boiskwatan ma mitarsa daban. Da zarar an juya wuƙar canjin wuta sai haɗin ya ɓace. In za ki saya, ki yi sharaɗi da mai shago cewa za ki mayar in bai yi ba. Game da ɗan hayar da kika ce yana zaune a ɗakin, ki sa a buɗe masa sashen baƙi a rautar, mai lambar sirri daban. Ta haka zai sami intanet amma ba zai iya leƙa kwamfutarki ko kyamarar gidanki ba, kuma ran da ya tashi sai ki sauya lambar tasa kaɗai. Ku kuma daidaita kan kuɗin data tun farko, domin baki biyu ne za su riƙa sha daga tulu ɗaya.

Ta uku daga wani Alhaji ne mai gidan kaji a wajen Katsina. Ofishin gonarsa yana da nisan mita 250 daga gida, ya ce ko zai iya haɗa kebul uku baki da baki? Ranka ya daɗe, a'a. Iyakar mita 100 ɗin nan ba a ƙetare ta da ɗaure waya da waya. Hanya biyu gare ka. Ta farko faiba, wato wayar da cikinta zaren gilashi ne, haske ke bi ta ciki. Ita tana tafiyar kilomitoci, kuma da yake ba ƙarfe a cikinta, tsawa ba ta bin ta. Ka sayi wadda aka riga aka sa wa baki daga masana'anta, da ƙananan akwatuna biyu masu juya haske zuwa saƙon waya, ɗaya a kowane gefe, kowanne da wutarsa. Ba ta son a lanƙwasa ta sosai ko a taka ta. Hanya ta biyu ita ce 'yan faifan rediyo guda biyu, irin na kamfanonin Ubiquiti ko TP-Link, a kafa ɗaya a kan gida ɗaya a kan ofis suna kallon juna. Mita 250 wasa ne a wurinsu, amma sai in ba abin da ya gitta tsakani. Ka hau inda za a kafa ɗaya, in ba ka hango ɗayan da idonka ba, to su ma ba za su ga juna ba. Ka tuna kuma bishiyar da ke ƙasa da layin bana, baɗi tana iya tare shi. Ko Starlink gare ka, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2023, maganar ɗaya ce, domin faifansa ne ke magana da tauraron ɗan Adam, rautarsa kuwa waifai ce kamar kowace.

Abu na ƙarshe, kuma ya shafi duk wanda ya ja wayar ƙarfe tsakanin gini biyu, shi ne tsawa. Ba sai ta faɗo a kan gidan ba, ko a makwabta ta sauka ƙarfinta na iya bin kebul ya ƙone rauta biyu da kwamfutar da ke jone. A sa 'yar na'urar kariya a kowane bakin waya, a haɗa ta da sandar ƙasa ta gidan, a kuma sa mai aikin wuta ya duba cewa sandar tana nan da gaske. In hadari ya haɗu ana walƙiya, a zare kebul ɗin har ya wuce. Rigakafi ya fi magani.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Mai tambaya kan wannan batu ya rubuto mana da tsawon tazarar, da irin ginin, da kuma ko mitar wutar ɗaya ce, domin amsar ta dace da gidansa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.