Iyaye Da Fargabar Jarrabawa



An nemi mu yi magana a kan wata tambaya wadda kusan ba gidan da ba ta shiga ba, watau ko ya kamata iyaye su tayar da hankalinsu saboda jarrabawar bai-ɗaya da ake yi wa yara a makarantu. Dukkanmu da ke zaune a nan ta wannan ƙofa muka biyo, kuma da yawa daga cikinmu ba da daɗewa ba za mu zama iyaye, ko malamai, ko ma'aikatan da za su riƙa tsara ta. Amsarmu ita ce, lalle akwai abin damuwa, amma yawancin iyaye sun ajiye damuwarsu inda ba nan ne mazauninta ba.

Bari mu fara da jarrabawar kanta. An kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, a 1952. A 1978 aka kafa JAMB domin a haɗe shiga jami'o'i a hannu guda, alhali kafin nan kowace jami'a ita ke zaɓen ɗalibanta. NECO ta zo a 1999, ta yi jarrabawarta ta farko ta kammala sakandare a 2000, kuma ita ke shirya ta shiga kwalejojin gwamnatin tarayya. Amfanin wannan tsari a bayyane yake. Tambaya ɗaya ake yi wa ɗan sarki da ɗan talaka, mai duba takarda kuwa bai san ɗan wane ne ya rubuta ba. In da babu ita, da sai mai uwa a gindin murhu ne zai sami gurbi. Saboda haka ba mu cikin masu cewa a soke ta.

To amma me take aunawa? Jarrabawa kamar mudu ce a hannun ma'auniya: tana faɗin yawan hatsin da aka kawo kasuwa ranar nan, ba ta faɗin ko damina ta yi kyau, ko an yi noma, ko gonar ta sami taki. Yaron da ya yi shekara shida a aji mai cunkoso, ba littafi, malamin lissafi kuwa sai jefi-jefi, in ya faɗi, makinsa ya fi ba da labarin makarantarsa bisa ga labarin ƙwaƙwalwarsa. Uban da ya ga sakamako ya ɗauko bulala, ya bar jaki ne yana dukan taiki. Ko Alfred Binet, wanda ya fito da gwajin basirar yara a Faransa a 1905, ya yi shi ne domin a gane yaran da ke bukatar ƙarin taimako a makaranta. Daga baya ne waɗansu suka mai da irin wannan gwaji ƙyauren da ake rufe wa yaro.

Mudun ma yakan yi kuskure. A jarrabawar JAMB ta 2025, cikin ɗalibai wajen miliyan 1.9, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Gari ya ɗauka yaran zamani ba sa karatu. Ba a jima ba shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Sai mu tambayi kanmu, yara nawa aka zaga a gida, aka kira su daƙiƙai, a 'yan kwanakin da ke tsakani?

Ingila ma ta ɗanɗana irin wannan. Bayan dokar ilmi ta 1944, jarrabawa guda da ake yi wa yaro yana shekara 11 ita ke yanke irin sakandaren da zai shiga. Da aka ga yadda take rufe wa masu jinkirin buɗewar kai hanya, tun daga 1965 gwamnati ta nemi hukumomin ilmi su koma makarantun da ke karɓar kowa, ko da yake har yanzu akwai yankunan da ke yin ta. Mu ma Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4, ta tanadi a riƙa auna ɗalibi a kai a kai cikin shekara, don kada makomarsa ta rataya ga awa uku na rana ɗaya.

Yanzu sai mu duba abin da fargaba ke haifarwa. Uban da ya ɗauka takardar shaida ita ce komai, kowace hanya zai bi ya same ta. Tun a 1977 aka yi babbar fitar tambayoyin WAEC wadda ta sa gwamnati kafa kwamitin bincike. Dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa, aka sake yin wata doka a 1999, amma cutar ba ta warke ba, domin tushenta yana cikin gidaje. Iyaye ne ke biyan kuɗin cibiyoyin da ake rubuta wa yara amsa a allo. Yaron da aka saya wa kiredit biyar ya koyi darasi ɗaya wanda ba zai manta ba: cewa ana sayen abin da ba a wahala a kansa ba. Gobe shi ne akawun da fayil ɗinmu zai kwana a teburinsa, shi ne mai ba da magani a asibiti. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Mu da ke jami'a mun san yadda shekarar farko take tona asirin irin wannan takarda.

Ina ne mazaunin damuwa ke nan? Yana can baya, a aji biyu da aji uku na firamare. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, yara kusan 9 cikin 10 masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Wanda bai iya karatu ba a wannan shekaru, duk abin da za a ɗora masa daga baya hadda ce kawai, kuma ba darasin yamma da zai gyara shi ana saura wata uku jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Harshen koyarwa ma yana da hannu a ciki. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarabanci, ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara. Uba ko uwa su ba yaro ɗan shekara takwas littafin Hausa ya karanta musu da ƙarfi, sa'an nan su ce ya faɗi abin da ya ji da bakinsa. Wanda bai yi boko ba yana iya wannan, tun da kunne gare shi. Su duba littafin aikinsa su ga ko malam yana gyarawa. Su halarci taron iyaye da malamai, su tambayi malamai nawa ne a makarantar, yara nawa ne a aji. In sakamako ya fito, a tambayi yaro wane darasi ne ya ba shi wuya kafin a tambaye shi na nawa ya zo. Wanda ya faɗi kuwa a tuna masa ana sake zama, ba a rufe ƙofa.

Mu ɗalibai muna da namu rabon. Lokacin hutu, kowannenmu yana da ƙanne da 'ya'yan maƙwabta. Awa ɗaya kullum ta koya musu karatu ta fi musu kuɗin da za mu ba su na sayen tsofaffin tambayoyi. Ma'aikatan cikinmu kuma, in takardar sakamakon wata makaranta ta iso ofishinku, kada ku tsaya ga ƙirga waɗanda suka ci. Ku bi sawu ku ga abin da makarantar ta rasa, ku rubuta, ku nace har a kai mata.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani.