Ruwan Ƙarƙashin Garin Lafia da Dokokin da ke Tsaronsa

Ruwan da ke ƙarƙashin garin Lafia ruwan sama ne da ƙasa ta shanye. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina na zuba, wani kaso ya bi magudanai ya faɗa kogin Amba, wani ya nitse ta cikin rairayi har ya kwanta a 'yan ƙofofin dutsen yashin da garin ke zaune a kai. Masana duwatsu na kiran wannan dutse shimfiɗar Lafia, ɗaya daga cikin shimfiɗun babban kwarin Binuwai. Ƙarƙashinta akwai shimfiɗar Awgu, mai yumɓun da ba ya barin ruwa ya wuce da sauƙi, kuma a cikinta ne kwal ɗin yankin Obi yake. Wannan tsari shi ya sa haƙar rijiya ke yin albarka a Lafia. Shi ne kuma hatsarin, domin rairayin da ke tsotse ruwan sama cikin sauƙi haka yake tsotse duk abin da aka zubar a kansa.

Sauran sassan jihar Nasarawa ba haka suke ba. A wajen Akwanga da Keffi da Wamba tsohon dutse ne mai tauri, ruwa ba ya samun mazauni sai a inda dutsen ya tsage ko ya rududduge, shi ya sa a kan haƙa burtsatse biyu kusa da juna, ɗaya ta kawo ruwa, ɗaya ta bushe. A Keana da Awe kuwa akwai ruwan gishiri a ƙasa, wanda mata suka daɗe suna dafawa su fitar da gishiri. Mai haƙa da bai san wurin ba yana iya huda shi ya gauraya shi da ruwan daɗi. Ƙa'idar zurfi guda ɗaya ba za ta dace da ƙananan hukumomi 13 na jihar ba.

Tun da aka ƙirƙiro jihar daga Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996, Lafia ke ta faɗaɗa, zuwan Jami'ar Tarayya a 2011 ya ƙara mata jama'a. Famfon gwamnati bai bi sawun gine-ginen ba. A sababbin unguwanni mai hali kan haƙa burtsatse ya ɗora tanki, marar hali ya jira 'yan garuwa da kurarsu, su ma daga burtsatsen wani suke cika jarkokinsu, haka masu fiya wata. Kowa na ganin ruwan da ke ƙarƙashin filinsa nasa ne. Amma ruwan ƙasa bai san katanga ba: ƙwarya ɗaya ce da ludayi da yawa, wanda ya fi zurfafa nasa yana rage wa maƙwabcinsa.

Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya taɓa batun a wuri biyu. Sashe na 20 ya ɗora wa hukuma kare ruwa da iska da ƙasa, amma yana cikin babin manufofin da ba a cika iya tilasta su a kotu ba. Abu na 64 a jerin ikon da tarayya ta keɓe wa kanta ya ba ta ruwan da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta ayyana cewa ya shafi jiha fiye da ɗaya. Babbar dokar fannin ita ce Dokar Albarkatun Ruwa mai lamba 101 ta 1993, wadda ta danƙa wa gwamnatin tarayya ikon amfani da kula da ruwan doron ƙasa da na ƙarƙashinta da ya ratsa jihohi, ta kuma ba minista ikon tsara inda za a ɗebi ruwa da yadda za a ɗeba. Sai dai sashenta na 2 ya bar ƙofa a buɗe: duk mai haƙƙin zama a fili, ta takardar gwamnati ko ta gargajiya, yana iya ɗibar ruwan ƙarƙashinsa kyauta don amfanin gida, shayar da dabbobi da ban-ruwan gonarsa. Wannan sassauci na da hikima, don ba a cewa talaka ya nemi izini kafin ya sha ruwa. Amma an rubuta shi ne a zamanin guga da wasaki. Yau burtsatsen da aka haƙa da sunan amfanin gida ita ce ke cika kurar 'yan garuwa daga asuba zuwa magariba.

Hukumomi kuwa ba su yi kaɗan ba. Akwai Hukumar Raya Yankin Ƙasan Kogin Binuwai mai hedikwata a Makurdi, wadda Nasarawa ke ƙarƙashinta; da NESREA da aka kafa a 2007, wadda ta fitar da ƙa'idojin ingancin ruwan doron ƙasa da na ƙarƙashinta a 2011; da NIHSA mai tattara bayanan ruwa; da NAFDAC mai lura da ruwan leda. Akwai ƙa'idar haƙar rijiyoyi ta 2010, da mizanin ruwan sha na 2007 da aka sabunta a 2015, wanda ya kayyade sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, dalma kuwa 0.01. Takardu dai sun cika. Abin da ya yi ƙaranci shi ne jami'in da zai tsaya a bakin rami ranar da injin haƙa ya iso.

An yi yunƙurin haɗe waɗannan dokoki a ƙudiri ɗaya na albarkatun ruwa, ya faɗi a Majalisar Dattawa a 2018, aka dawo da shi a 2020, dattawan suka sake yin watsi da shi a 2023. Masu adawa, ciki har da gwamnan Binuwai na lokacin Samuel Ortom da Wole Soyinka, sun ɗauke shi hanyar ƙwace gaɓar koguna daga hannun jihohi da al'ummomi. A yankin da rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka, wannan tsoro ba abin rainawa ba ne. Asarar ita ce ƙurar rigimar ta binne maganar burtsatse, wadda ba ta da alaƙa da burtali.

Jiha ba ta buƙatar jiran Abuja. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna a matsayin amana, kuma amincewa da taswirar gini aikin jiha ne. Babbar barazana ga ruwan Lafia daga sama take zuwa: masai da sokawe da bola da tankunan gidajen mai. An saba ba da shawarar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai, amma fuloti mai ƙafa 50 da 100 tsawonsa duka kusan mita 30 ne, don haka ko mai gida ya kiyaye nasa, masan maƙwabci na bayan katanga. Maganin wannan sai a matakin unguwa, tun lokacin yanka filaye, a ware wa rijiya hurumin da ba a gina masai ko zuba shara a ciki. Fikihu ya daɗe da sanin harimin rijiya, kuma masu unguwa sun fi kowane ofis sanin inda aka haƙa sabon rami. Masarautar Lafia, wadda tun 2019 tsohon alƙalin Kotun Ƙoli Sidi Bage Muhammad ke riƙe da ita, na da bakin magana a nan.

Haƙar ma'adinai ta fi wuya, domin dokarta ta 2007 ta tarayya ce. Ana haƙar barayit a Azara, an buɗe masana'antar sarrafa litiyom a ƙaramar hukumar Nasarawa a 2024, kuma dokar tantance illa ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin manyan ayyuka irin waɗannan. Binciken ba shi da ƙarfi idan ba a auna ruwan ƙauyukan kewaye tun kafin a fara aiki ba, don babu abin da za a kwatanta da shi in an je gaban alƙali.

Dokar ruwa ta Afirka ta Kudu ta 1998 ta raba masu amfani da ruwa gida-gida: ɗan abin sha ba ya buƙatar lasisi, mai ɗiba da yawa sai da shi. Irin wannan rabo zai dace da Lafia. Gidan da ke sha ya yi rajista kawai ba tare da haraji ba, domin haraji kan sa mutane ɓoye rijiyoyinsu. Mai sayarwa, otal da kamfanin fiya wata su karɓi lasisi, su sa mita, su kai ruwansu gwaji lokaci-lokaci. Nauyin rajistar ya hau kan mai injin haƙa, tunda masu haƙa sun fi masu gidaje ƙaranci: ya miƙa bayanin zurfin ramin, irin ƙasar da ya ratsa, inda ya tarar da ruwa, da shaidar ya toshe bakin ramin da siminti. Jami'ar Tarayya ta Lafia da ta jiha da ke Keffi na iya adana bayanan, su ware wasu rijiyoyi da za a riƙa auna zurfin ruwansu a ƙarshen rani da ƙarshen damina kowace shekara.