Jawabi bisa jijjigar yara: aikinmu gida, da aikin likita



Mun taru yau bisa zancen ciwon nan da wasu ke ce ma tsuntsu: yaro shi sandare, idanu su juye, jiki shina jijjiga. Ba tsuntsu ba ne, ba iska ba ce. Nan ƙasarmu, masassara ce ta hi kawo shi: ta cizon sauro da damana, ko ta sanƙarau da rani. Ƙarancin sukari cikin jini ma na kawo shi, haka farfaɗiya. Miyan bakin yaron ba shi harbin kowa, kar mu guje mashi.

In abin ya zo, mu kwantar da yaro bisa gefe, nesa da wuta, mu sassauta mashi tufa. Kar mu sa mashi cokali ko yatsa baki. Kar mu ɗura mashi ruwa ko jiƙo, sai su tahi cikin huhu. Kar mu turara mashi hayaƙi. Mu duba agogo: jijjigar da ta kai minti 5 tana da haɗari, sai a nemi amalanke ko babur nan take.

Can likita, numfashi za su fara dubawa. Sannan su soki yatsa, su auna sukari da ƙwayar masassara. In jijjigar ba ta tsaya ba, su sa diyazefam ta dubura ko ta jijiya. Bayan minti 10, in ta ci gaba, su ƙara sau ɗaya, daga nan sai fenobarbital. Masassarar sauro mai tsanani, allurar artesunat ce maganinta. In suna tsammanin sanƙarau, za su ɗebi ruwan baya da allura. Mu yarda, ba shi gurgunta yaro. In sunka ce a wuce babban asibiti, kar mu koma gida shawara.

Za su tambaye mu: minti nawa ta yi? Jiki duka ne ko gefe guda? Ya taɓa yi? Mi anka ba shi gida? Mu faɗi gaskiya, ko jiƙo ne, don su san maganin da za su sa.

Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, sau da yawa jijjigar zafin jiki kan tsaya da kanta. Ko ta tsaya, mu kai shi ranan nan, don ciwon da ya kawo ta shina nan.

Allah shi raya muna ɗiyanmu.