Akushi Ɗaya, Zumunci Ɗaya



Tun da hanyoyin jirgin ƙasa suka haɗu a Kafanchan a 1927, garin ya zama masaukin matafiya daga Fatakwal, Kaduna da Jos. Na taɓa ziyartar wani abokina a Kagoro ran 1 ga Janairu, ranar bikin Afan. Aka kawo mini faten acha da yakuwa, wanda har yau ban manta da daɗinsa ba. Mai masaukina Kirista ne, ni Musulmi. Sai ya miƙo mini wuƙa in yanka kazar da hannuna, domin in ci hankalina kwance.

Rikicin 1987 ya raba maƙwabta da yawa a wannan yanki. Saboda haka nake roƙonku, ku riƙa ziyartar juna, kuna cin abincin juna. Zumunta a ƙafa take.