Sanyin Jikin Injin Jirgi Ba Lafiya Ba Ce

Daga shirinmu na masu sana'a. Mai magana makanikin injin ruwa ne, mazaunin Hedzranawoe a Lome.

 

Yau maganar injin jirgin ruwa na kawo muku. Na san wani zai ce, ina ruwan mai shanu ko mai gwanjo da injin kwalekwale? To, akwai ruwansa. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya a 2023, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli, fatake da yawa sun koma tsallake kogin Kwara a kwalekwale, su da kayansu. Mai saukowa da dabbobi ta Gana kuwa ya san Yeji da Makango, ya san Dambai. Duk wanda ya taɓa zama a tsakiyar ruwa inji ya mutu, ya san ransa da dukiyarsa suna rataye da wannan ƙarfen da ke bayan jirgi.

Kowa yana tsoron inji ya yi zafi. Wanda ba a tsoro shi ne inji mai sanyi, har yabonsa ake yi. Wannan yabon nake so mu duba yau.

Wani Alhaji maƙwabcina, mai sayar da dilar gwanjo a nan kasuwar Hedzranawoe, ya saya wa ɗan ƙanensa injin hannu mai ƙarfin doki 40, ya aika masa Gaya ya riƙa fito. Ba a yi wata uku ba yaron ya fara kuka: inji yana shan fetur kamar rairayi, fulogi, wato buji, yana yin baƙi kwana biyu uku, da an rage wuta za a matsa gaɓa sai ya mutu. Wata rana ya mutu musu a tsakiyar igiya, ga buhunan albasa ga mata da goyo. Da filafili suka fita, can ƙasa da mafita, Allah ya kiyaye. Alhaji ya zo rumfata da waya a hannu, ya ce: "Malam, ga yaron nan, ka ji da kunnenka."

Na ce wa yaron: "Ɗana, tayar da shi ka zaga da shi minti goma sha biyar, ka dawo ka kashe, ka cire murfi, ka ɗora hannu a kan injin, kusa da fulogi." Da ya dawo ya ce: "Baba, sanyi ƙalau kamar randa. Ai shi ya sa na ce wa Alhaji ba zafi ne ciwonsa ba." Na ce: "To nan ciwon yake." Na sa shi ya kwance wani ɗan murfi mai kusoshi a saman injin. Rami ne kawai, babu komai a ciki. Wanda ya riƙe injin kafin shi ya cire tamostat ya yar.

Mece ce tamostat? Wasu makanikai suna ce mata termosta. 'Yar ƙofa ce ta ƙarfe da ba ta cika tafin hannu ba, tana zaune a hanyar da ruwa ke fita daga jikin inji. Injin jirgi ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan kogi ko na teku yake ja ta ƙasa, da wata 'yar farfelar roba, ya zaga da shi jikinsa, ya zubar. A cikin tamostat akwai wani kaki irin na kamfani. In inji yana da sanyi, ƙofar a rufe take, ruwa ya tsaya ya ɗumama. In zafi ya kai, kakin ya narke ya kumbura, ya tura ƙofar ta buɗe, ruwan zafi ya fita, mai sanyi ya shigo. A yawancin injunan da ake rataya a bayan jirgi, tana buɗewa tsakanin digiri 50 da 60. Ta mota ko ta tirela kuwa sai wajen 80 zuwa 90.

In babu ita, ko ta maƙale a buɗe, kogi ne gaba ɗaya ke bi ta cikin injinka. Ina zai ɗumama?

Makiyayi ya san nono ba ya barci da wuri a sanyin hunturu, sai an kai ƙwaryar wuri mai ɗumi. Mai girki ta san ɗanyen itace hayaƙi yake yi, ba wuta ba. Haka fetur. Sai ya zama tururi yake ci da kyau. In bangon silinda da sanyi, wani fetur ɗin sai ya kwanta a jikin bangon kamar raɓa, bai ƙone ba. Daga nan ɓarna ke farawa. Ƙarfi ya ragu, direba ya ƙara wuta, mai ya ƙara tafiya. Baƙin da bai ƙone ba ya taru a bakin fulogi har ya hana tartsatsi, shi ya sa inji ke mutuwa daidai lokacin da aka rage gudu, wato lokacin da ake shiga gaɓa ko ake kauce wa wani jirgi. Baƙin nan kuma ya shiga ya danƙare zoben fistin, a hankali matsi ya zube.

In injin mai tukunyar baƙin mai ne, wanda ba a gauraya masa mai da fetur, ga wata alama: ka zaro sandar awo ka ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, ka sansana ka ji warin fetur. Kada ka yi murna. Fetur ne ya gangara ya tsinka man, shi kuwa tsinkakken mai ba ya kare ƙarfe. Wani lokaci ka ga man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, saboda gumin ruwa da bai samu zafin da zai kore shi ba. Amma in farin ya yi yawa, a duba gasket, don ruwa na iya shiga ta can. Injin gas na manyan jirage shi ma in yana aiki da sanyi sai farin hayaƙi da wari mai shiga ido.

A nan bakin teku abin ya fi nunawa daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan ƙasa mai sanyi ke tasowa sama, zafin teku ya sauko ƙasa da digiri 25. Masunta na sabuwar tashar kifi ta Gbetsogbe, wadda aka buɗe a 2019, sun san lokacin, don shi ne kakar kifi. A arewa kuma safiyar hunturu ce ke tona asirin irin wannan inji.

To yaya za ka gane, kuma me za ka yi?

Da farko gwajin hannu, kamar yadda na sa yaron nan. Bayan minti goma sha biyar yana aiki, a kashe shi tukuna, kada rigarka ko yatsanka su shiga filawil. Inji mai lafiya, za ka iya ɗora hannu ka ƙirga uku ko biyar, sai ka janye. In ka ɗora ka zauna kana hira, ya yi sanyi da yawa. In ko taɓawa ba ta yiwuwa, wannan zafi ne, wani ciwon daban. Kada ka dogara da ɗan ruwan nan da ke tsartuwa ta gefe, wanda muke kira fitsarin inji. Aikinsa ya nuna famfo na jan ruwa. A injuna da yawa yana fita ne tun bai zaga jikin inji ba, don haka sanyinsa ba shaida ba ce.

In jirginka yana da agogon zafi, kada ka kwance komai sai ka tabbata agogon ba ƙarya yake yi ba. Waya mai tsatsa ko lalatacciyar sansa tana iya kwantar da allura ƙasa alhali inji lafiya lau. A gwada da ma'aunin zafi na makanikai, mai kama da bindiga. Irin wanda aka riƙa auna mana goshi lokacin korona ba zai yi ba, zafin jikin mutum kawai yake karantawa.

Sannan a buɗe murfin tamostat. Abu uku za ka iya tararwa. Ko babu ita. Ko tana nan amma ɗan tsakuwa, yashi ko gishiri ya tokare ta a buɗe. Ko ta mutu da kanta. Ɗaga ta sama ka hanga: in da sanyinta haske na ratsawa ta bakin ƙofar, ba ta rufuwa. Wanke ta, ka ɗaure ta da zare, ka rataya a tukunyar ruwa kada ta taɓa gindi, ka ɗora a wuta. Yawanci akwai lamba a jikinta, ita ce zafin da za ta fara buɗewa. Mai kyau tana buɗewa tun ruwa bai yi kusa da tafasa ba, in ka tsamo ta ta huce sai ta koma ta rufe. Wadda ba ta yi haka ba, a sake ta.

A sa irin tata, mai lamba ɗaya da wadda kamfani ya sa. Kada a ɗauko ta mota a cusa. Ruwan teku in ya yi zafi irin na mota, gishiri da farar ƙasa suna daskarewa su toshe hanyoyin cikin inji. A lura da fuskarta, ɓangaren kakin ne ke kallon cikin inji, a kuma sa sabon gasket. Manyan injuna suna da wani bawul na rage matsin ruwa, shi ma yashi kan tokare shi, a duba. Akwai kuma ƙananan injuna da suka fito daga kamfani ba tamostat, don haka a duba littafin inji ko a tambayi mai sayar da kayan gyara na gaskiya. Bayan gyara a wanke fulogi ko a sake, mai tukunyar baƙin mai a juye masa man. Mai gauraye kuma a koma ga awo: in littafi ya ce 50 da 1, jarka mai lita 20 mililita 400 take ci, ba a zuba da ka.

Yanzu ga abokan sana'ata. Na san dalilin da ya sa muke cire ta. Inji ya zo da zafi, mai shi yana sauri, a cire a yar, zafi ya sauka, a biya mu. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Sau da yawa mai laifin farfelar roba ce da ta cinye, ko leda da kainuwa da suka toshe mashigar ruwa, ko gishiri da ya cika hanya. Farfelar nan a sake ta duk shekara in jirgi na aiki kullum, kada kuma a tayar da inji a tudu ba ruwa, ko minti ɗaya ba ta kaiwa take ƙonewa. In tamostat ta maƙale a rufe kana tsakiyar ruwa, ba laifi ka cire ta ka kai gida. Amma ka kai gida kawai, gobe ka sa wata. Direbobin tirela masu hawan Aledjo da Defale, da masu janareto mai lagireto, wannan magana har da ku.

Ku kuma fasinjoji, kuna da ido da kunne. Kafin a ɗora buhunanku ko tumakinku, ku saurari injin. In sai an ja igiya an gaji kafin ya tashi, in yana mutuwa duk aka sassauta, in direba yana kwance fulogi yana gogewa da riga kafin tafiya, ku jira na gaba. Ku duba ko akwai filafili da rigar ruwa a ciki. A tafkin Bolta kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun gina madatsar Akosombo a 1965 suna nan a ƙasa, jirgin da injinsa ya mutu kuwa iska ce ke tuƙa shi. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Yaron Alhaji ya samo tamostat irin ta injinsa ya sa. Bayan mako biyu ya kira ni ya ce: "Baba, jarkar da ba ta kai ni la'asar, yanzu har magariba." Na ce ya gode wa Allah, ya kuma gaya wa na kusa da shi a mafita.

Mai tambaya ya aiko ta gidan rediyo, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ta tudu da ta ruwa.